Shirun da ke Cikin Turmin Zoza

Mai adaidaita sahun da ya ɗauko ni daga makaranta ranar Talata yana ta buga ƙarfen gabansa da yatsu. Babu rediyo a keken, amma bai fasa ba: dum, dum, taf, dum. Can sai ya ɗaga hannu ya tsaya cak, kamar wanda aka kira sunansa daga nesa, sannan ya ci gaba. Da kiɗan ya zagayo wurin, ya sake tsayawa. Ina baya a matse tsakanin wata mai kwandon tumatir da jakar littattafan ɗalibaina. Na san wannan kiɗan, na kuma san wannan tsayawar, domin daga wayata suka fito.

Masu karatu, wanda ya daɗe yana bina ya san ni. Ummulkhair ce, 'yar Malam Alhassan magatakarda a ofishin hakimi nan Karaye, wadda ta gama jami'a a Kano ta dawo gida tana koyar da 'yan aji biyar. Kun kuma san Uwais, malamin gonar nan na Falgore, da ya shekara yana zuwa zance muna zama a soro, shi yana juya hularsa a gwiwa, ni ina ƙirga zanen tabarma. An tsayar da Asabar ta farkon Janairu manyansa za su zo neman aure. Baba ya amince da shi tun farko saboda mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, 'yar Zoza ce, garin da aka haifi Baba. Abin da ba mu taɓa hira a kansa da ku ba shi ne zaurenmu.

Zauren Masu Kunne sunansa, a WhatsApp yake. Mutanen da ke ciki abu ɗaya ya haɗa mu, wato kiɗan da ake haɗawa a kwamfuta, wanda babu mawaƙi a cikinsa, babu kirari, babu wanda ake yabo ko ake wa habaici. Sauti ne kawai yake hawa yana sauka. Tun ina aji uku a jami'a na faɗa masa, lokacin da ɗakinmu na kwana yake cika da hayaniya in rasa inda zan sa kaina. In na toshe kunnuwana da iyafis a ƙarƙashin hijabi, sai in ji kamar an ba ni ɗaki ni kaɗai. Ga mutum irina da magana take yi wa nauyi, kiɗan da ba ya neman amsa rahama ne.

Admin ɗinmu Lauratu ce, ma'aikaciyar jinya a Damagaram, mai doka kamar hedimasta. Da azumi ya kama bana rufe zauren ta yi ruf, ta ce kowa ya je ya ji da Ubangijinsa, sai bayan salla. Akwai Muhammad Auwal na Jos, wanda bai taɓa yarda da maganar kowa ba. Damina guda ya kwashe yana faɗa a kan cewa duk wanda ya sa kalangu a kiɗan kwamfuta ya ɓata kalangun ya ɓata kwamfutar. Akwai kuma Shitu, mai gyaran waya a Kaduna, shi ne yake haɗa mana kiɗa da kansa a wata tsohuwar kwamfuta da ya ce sai ya ɗora ta a kan tubali biyu take shan iska. Ni kuwa suna kirana Mai Shiru. Ban taɓa tura saƙon murya ba, sai dai in manna hoton babban yatsa in wuce.

A makon ƙarshe na kowace shekara Lauratu kan sa kowa ya rubuta abin da kunnensa ya ji a shekarar. Na fara nawa tun farkon Disamba. Na rubuta kiɗan nan mai sanyi da na yi ta ji a watannin da nake jiran aiki, ina wanke-wanke ina tunanin ko digirin nawa a banza na yi. Na rubuta wanda nake sawa kafin Uwais ya iso, don zuciyata ta daina gudu. Ban kai ga turawa ba abin ya kwaɓe.

Ga yadda aka yi. Da kaka Shitu ya ce kowa ya ɗauko masa wani sauti daga inda yake, zai haɗa mana kiɗan rufe shekara. Lauratu ta turo ƙarar injin markaɗe, Muhammad Auwal ya turo ruwan sama a kan kwano. Ni a lokacin na je Zoza wurin Gwaggo Sadiƙa, yayar Baba. Da hantsi ita da surukarta Naja'atu suka kafa turmi a gindin darbejiya suna surfen gero, tabarya biyu turmi ɗaya, suna lugude. Na ajiye wayata a kan faifai kusa da su. Gwaggo ta tambaye ni me nake yi, na ce sautin nake ɗauka. Ta yi dariya ta ce in ɗauka, ai ba ƙarewa yake ba.

Kafin in tura, na zauna na yanke duk inda muryarsu ta fito. A tunanina shi ke nan na rufa wa kowa asiri, tunda daka daka ne, turmin Zoza da na Kurugu duk ƙara ɗaya suke yi. Na roƙi Shitu kada ya ambaci sunana. Sai dai na manta ban canza sunan da na raɗa wa fayil ɗin ba, shi kuma ya ɗauka ya kira kiɗan Turmin Zoza.

A cikin luguden akwai wani wuri da Gwaggo take ɗaga tabarya, su duka biyun su tsaya kamar na numfashi ɗaya, sannan su ci gaba. Shitu ya gina kiɗan gaba ɗaya a kan wannan wurin. Sautukansa za su yi ta taruwa suna hawa har ka ji ƙirjinka ya cika, sai komai ya ɗauke ɗif, sai tabarya ta dawo. Ranar da ya saka shi a zaure sai da wayata ta yi zafi. Muhammad Auwal ya ce fayil ne ya karye, Shitu ya ci sa'a kawai. Lauratu ta ce da gangan Shitu ya yanke. Shitu ya rantse bai taɓa wurin ba, haka ya same shi. Suka yi ta kiran Mai Shiru ta raba gardama. Ni ma ban sani ba, na manna musu hoton murmushi. Amma gaskiya na ji daɗi. Karo na farko ke nan da na kawo wani abu aka taru a kansa.

Dokar zaure ita ce ba a fitar da kiɗa waje. Wani ya fitar, har yau ba mu san ko wane ne ba. Kafin mako biyu ya kai hannun masu tura waƙa a waya, daga nan ya kai hannun masu DJ na biki.

Matsalar ita ce, watanni kaɗan kafin nan ofishin su Baba ya fitar da sanarwar hana kiɗan DJ a bukukuwa, bayan wani rikicin samari da aka yi. Baba da hannunsa ya rubuta ta. Daren Talatar da na ji mai adaidaita, muna cin tuwo bayan magariba, Baba daga kan dardumarsa ya ce wa Mama an kawo ƙara ofis, wai akwai wani sabon kiɗa da yara suke haukacewa a kai, har an laƙaba masa sunan garinsu. Bai ji shi ba, ba ya kuma son ji. Ya ce da zai san ɗan gidan da ya ɗauki sunan Zoza ya kai filin rawa, da ƙafarsa zai taka har wurin iyayensa. Sai ya juyo ya ce min in kula da kaina a 'yan kwanakin nan, dangin Uwais mutane ne masu bincike, abu kaɗan ke sa su ja da baya.

Na ce to. Na tashi na shiga ɗaki, na goge kiɗan, na goge ainihin sautin da na ɗauko a Zoza, na kashe ƙarar zauren. Kamar wadda ta share ƙofar gida bayan ɓarawo ya riga ya fita da kaya.

Ranar Alhamis da safe saƙon Uwais ya shigo.

"Inna Tasalla ta ce in kawo ta gidanku bayan azahar. Na ce lafiya, ta ce ba da ni za ta yi magana ba. Jiya ta wuni a Zoza."

Inna Tasalla ƙanwar mahaifiyarsa ce, ita ta riƙe shi tun yana firamare, kuma kowa ya san in ta ce a'a babu namijin da zai tako daga Falgore. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na ce Allah ya kawo su lafiya.

"Ko kin yi wani laifi ne ban sani ba?" ya ƙara, da hoton dariya.

Na buɗe akwati na ciro atamfata ruwan ƙasa mai ɗinkin doguwar riga, wadda nake sawa in za mu gaisuwar rasuwa, na ɗora babban mayafi. Mama ta kalle ni ta ce wa ya mutu. Na ce sanyi nake ji.

Uwais ya sauke ta a ƙofar gida ya wuce masallaci. Gajeriyar mace ce baƙa, ta yafa zane a kan leshi fari, hannunta ɗauke da ƙaramin kwano cike da goro an rufe da ɗanyen ganye. Mama ta shimfiɗa mata darduma a tsakar ɗaki, ta kawo ruwa da kunun gyaɗa. Suka gaisa suka sake gaisawa, aka tambayi gajiya, aka tambayi mutan Falgore, aka tambayi amfanin gona da yadda gyaɗa ta yi bana. Ina durƙushe a bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Sai da ta kurɓi kunun sannan ta ce in matso.

"Ke ce kika kai turmin Sadiƙa kasuwa?"

Mama ta dube ta, ta dube ni. Na buɗe baki zan yi magana, Inna Tasalla ta riga ni.

"Ba sai kin wahala ba, ita ta faɗa min. Ta ce 'yar Alhassan ce ta zo ta ajiye mata waya a faifai."

Ta juya wurin Mama ta ba ta labari. Ranar kasuwar Rogo ta je sayen daddawa, ta biyo ta rumfar yaran nan masu tura waƙa, sifika tana ta ihu. Ta ce da farko toshe kunne ta yi. Sai ta ji tabarya a ƙarƙashin hayaniyar, ta ji an zo wani wuri an tsaya. Ta zauna a kan buhun masarar wani bawan Allah, ta sa mai rumfar ya yi ta maimaita mata har ya fara tambaya ko a kira mata wani.

Mama ta ce ita fa ba ta gane ba, wane turmi, wace sifika.

"Ke 'yar Kurugu ce, ba za ki sani ba," in ji Inna Tasalla. "Kowace mace da hannunta a lugude, kamar yadda kowa yake da tafiyarsa. Wannan na Sadiƙa ne da Yaya Zakiyya, uwar Uwais. Su suka ƙirƙiro shi suna 'yan mata. In an zo wurin nan, Yaya ce take cilla tabarya sama ta tafa ta cafe. Har daga wata unguwa ake zuwa kallo."

Ta ce tun da aka kai Zakiyya Falgore, Gwaggo ba ta yarda kowa ya tafa a wurin ba. Ita Inna ta ɗauka abin ya wuce da ƙuruciya. Ba ta san bayan aure, bayan rasuwa, bayan duk shekarun nan, Gwaggo tana nan tana bar mata gurbinta ba, har ta koya wa surukarta tsayawar ba tare da ta gaya mata dalili ba. Jiya da ta je Zoza suka zauna a gindin darbejiyar suna ta maganar Zakiyya, fura ma ba a dama ba.

Masu karatu, ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Rabi na Gwaggo ne, rabi kuwa, in faɗa muku gaskiya, na samun sauƙi ne, don na fara gane ba fasa aure ya kawo ta ba.

Ta kunce bakin zanenta ta ciro wata ƙaramar waya mai madannai. Ta ce in saka mata, amma ba na kasuwa ba, wanda aka ɗora wa injin niƙa a kai. Tsurarsa take so.

Na ce na goge.

"Kin goge."

"Tsoro na ji, Inna."

Ta juya wayarta a hannu. Mama ta yi min irin kallon da ke nufin za mu haɗu anjima. Aka ce ko a koma Zoza a sake ɗauka, Inna Tasalla ta girgiza kai ta ce yanzu da Sadiƙa ta san ana saurare, hannunta ba zai sake ba.

Sai na tuna Shitu. Na buɗe zauren da na yi kwana biyu ban leƙa ba, saƙonni sun taru, kowa yana ta zuba rubutunsa na ƙarshen shekara. Na fara rubutu, na ga zai ci lokaci. Na danna wurin murya. A gaban Mama, a gaban matar da za ta zama surukata, na yi sallama na ce ni ce Mai Shiru, na faɗa musu ko shirun da ke cikin kiɗan na wane ne, na roƙi Shitu in yana da fayil ɗin farko ya taimake ni yanzu.

Muhammad Auwal ne ya fara amsawa. "Ashe Mai Shiru tana da murya." Sai ya ƙara, "Na janye maganata ta cewa fayil ne ya karye. Ku adana wannan saƙon, ba za ku sake ganin irinsa ba."

Lauratu ta ce Shitu ba ya kan layi, amma tana da lambar maƙwabcin shagonsa, in ba ta minti kaɗan. Wata da ban taɓa ganin ta yi magana ba ta rubuto addu'a ga mamaciyar, wasu suka bi da amin. Ina tsaye a bakin taga na ɗaga waya sama don sabis, ina kallon sunayen mutanen da ban san fuskar ko ɗaya ba, waɗanda na shekara ina tsoron a san ina tare da su. Shitu ya shigo ya ce ba ya goge abin da aka ba shi amana, ya kuma ba da haƙuri a kan sunan da ya sa. Fayil ɗin ya yi ta juyawa kafin ya sauka.

Na ajiye wayar a kan darduma na kunna. Babu komai sai tabarya biyu, da wata kaza can nesa, da iska a ganyen darbejiya. Inna Tasalla ta sunkuyar da kai. Da aka kusa wurin ta ɗaga hannuwanta biyu ta buɗe su, na ɗauka za ta tafa. Shirun ya zo ya wuce, ba ta haɗa su ba. Ta mayar da su cinyarta ta ce, "Ba wurina ba ne."

A lokacin na ga labule ya motsa. Baba ne, ya dawo daga sallar la'asar ya zo gaida baƙuwa, carbinsa a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba, amma daga yadda bai kalle ni ba na san ya ji abin da ya isa. Na ja mayafi na rufe fuskata.

Inna Tasalla ba ta ko gyara zama ba. Ta gaishe shi, ya amsa da kai.

"Malam, ba sai an gaya maka na wane ne ba. Kai ne kake tsugunawa gefen turmin da ɗan ƙoƙonka kana jiran a ba ka gari."

Mama ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya. Tabarya tana ta tafiya a wayar, ba wanda ya yi ƙarfin halin kashewa.

Inna Tasalla ta ce na kasuwa kuwa kada ya dame shi, yara za su yi rawarsu su gaji, kafin damina sun samu wani. Ta tura kwanon goron gabansa, ta janye ganyen.

"Asabar tana nan. Su Alhaji Salisu, manyan Uwais, za su zo da hantsi. In akwai mai wata magana, to ba daga wajenmu ba."

Ta cikin mayafi nake kallon ƙafafunsa. Bai matsa ba har luguden ya sake kaiwa wurin tsayawar nan, ya wuce, sautin ya ƙare da kansa. Sannan ya sunkuya ya zaɓi farin goro guda a kwanon, ya ɓare shi, ya jefa ɓari ɗaya a baki, ɗayan ya saka a aljihun gaban rigarsa. Ya saki labulen ya fita.